Kukan Taraktar Surukina

Taraktar ba tawa ba ce, ta surukina ce. Ya saye ta tsohuwa a hannun wani ɗan kasuwa a Hasahisa, a shekarun da aka fara sakin ruwa ga sababbin gonakin Managil, lokacin da duk mai hali a ƙauyukanmu na Jazira yake son a ce shi ma yana da babur, domin da wannan sunan Larabawan wurin suke kiran kowane inji. Ni ne mai tuƙa ta, ni ne kuma mai gyara ta. Ina auren 'yarsa ta biyu, ina zaune a wani sashe na gidansa, kuma a cikin shekara huɗu da muka yi a haka ban taɓa yi masa magana baki da baki ba.

Wanda bai san mu ba zai ɗauka gaba ce. Ba gaba ba ce, girmamawa ce. Kakannin mutanenmu sun taso da ita daga ƙasar Sakkwato, muka riƙe ta a nan fiye da yadda aka riƙe ta a can, kamar yadda baƙo kan ƙanƙame kayansa a tasha. Miji ba ya haɗa ido da uban matarsa, ba ya kama sunansa, ba ya buɗe baki a inda yake zaune. In sun yi kiciɓis a hanya, sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa a gefe, ya yi gaisuwa kansa a sunkuye, a amsa masa a taƙaice ana duban wani wuri. Duk maganar da ta wuce gaisuwa sai ta bakin wani. Shi ma tsohon yana jin nauyina daidai gwargwado, kuma wannan nauyin da yake ji shi ne darajata a gidan.

A kaina abin ya ninka. Na yi karatu a makarantar mishan ta koyon sana'a a can gida, ƙasar Sakkwato, kafin mahaifina ya kwaso mu zuwa gabas, kuma ba a taɓa manta mini da wannan ba. Ina salla a sahun gaba, amma in na yi kuskure komai ƙanƙantarsa ba a cewa wane ya yi kuskure, sai a ce ai ɗan mishan ne. Da na nemi aure akwai dattawan da suka ce kada a ba ni. Surukina ya ce shekara guda yana lura da ni, bai ga saurayin da ya fi ni sanin kunya ba. A kan wannan shaida aka ɗaura auren. A makarantar kuwa abu biyu aka dasa mini da bulala, har yau ban rabu da su ba: kada in bar noti da rabin ɗauri, kada kuma in ce wataƙila a kan abin da zan iya aunawa.

Makon huɗar dawa ne. Kowace hawasha, wato gonar da hukumar noma ta yanka wa manomi, tana da ranar da za a buɗe mata ruwa daga ƙaramar magudana. Da zarar ruwa ya shiga, baƙar ƙasar nan takan zama danƙo, ko jaki ba ya ratsa ta, balle tarakta. Surukina ya tsaya a ƙofar masallaci ya yi wa mutum goma alkawari cewa za a yi musu huɗa kafin ruwan Asabar, ya bar tasa hawashar a ƙarshe kamar yadda ya kamaci dattijo.

Ranar Lahadi da hantsi, ina cikin hawasha ta biyu, na ji shi. Siririn kuka ne a ƙarƙashin kujera, kamar sauro a cikin tulu. Mutum goma za su zauna a wurin, tara ba su ji ba.

Na tsaya, na fitar da giya, na bar injin yana aiki. Babu kuka. Na taka kuloci na saki, na sake takawa, babu abin da ya sauya, saboda haka na wanke kuloci daga zargi. Na ɗage garma na hau gaɓar babbar magudana, inda ƙasa take da tauri, na bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya. Da haƙorin giya guda ne ya ci, da a cikinta kaɗai zai yi kuka. Wannan kuwa ya bi ni cikin kowace giya, yana hawa da sauka tare da gudun ƙafafu, ba tare da gudun inji ba. Na karya kan tarakta hagu har ƙarshe, na karya dama, kukan bai motsa ba, wato ba a bakin ƙafafun baya yake ba. Na koma gona na sauke garma, sai ya yi kaifi. Na gangaro daga gaɓa na rage mata mai, sai ya juye ya zama gurnani. Duk inda na bi, hanya ɗaya take kai ni: kurona, babban faifan nan mai haƙora da ke raba ƙarfi ga ƙafafun baya, da ɗan ƙaramin haƙorin da ke juya shi.

Da azahar na ɗaga bayanta a kan jak, na tokare da itace, na sa giya ƙafafun suna juyawa a iska. Na ɗora bakin sandar ƙarfe a jikin akwatin giya, ɗaya bakin a ƙashin bayan kunnena, ina matsar da ita kamu ɗaya ɗaya. A gaban akwatin, daidai inda bili yake, wato zoben ƙwallayen da ke riƙe sandar ƙaramin haƙorin, na ji shi sarai kamar ana niƙa tsakuwa. Na tsiyaye man a kan farin ƙyalle, na bi shi da maganaɗisu. Ya fito da garin ƙarfe mai ƙyalli, da ɓarɓashi guda mai kama da ɓawon kifi.

Hukuncin ba shi da wuya. In an buɗe ta yanzu, bili kaɗai za a sake, akwai shi a Hasahisa, aikin kwana uku ne. In an ƙyale ta, sandar za ta goce, haƙori ya hau haƙori, kurona ta tarwatse. Kurona irin ta wannan tsohuwa kuwa babu ita a Hasahisa, babu ita a Madani, sai dai taraktar ta zama wurin kwanan kaji. Abin da ya rage shi ne maganar ta isa kunnen mai ita, domin ba ni da ikon tsayar da dukiyar mutum, in karya masa alkawarin da ya yi a ƙofar masallaci, ba da izininsa ba.

Na fara da hanyar da aka saba. Na zaunar da mai ɗakina, na faɗa mata kalma bayan kalma, na sa ta maimaita.

Ta ce, "Malam, in ce da Inna ta ce da Baba babur ɗinsa za shi fashe? Da bakina? In ya fashe ai sai a ce ni na yi masa baki."

Na ce, "Ba baki ba ne, awo ne. Ki ce kwana uku."

"To, na ji. Zan faɗa yadda ya dace."

Yadda ya dace ɗin shi ya kashe maganar. Ita ta ce da uwarta taraktar tana ɗan kuka a baya. Uwarta ta ce da mijinta yaron nan yana ganin babur na son kulawa. Washegari da safe na tarar da sabon galan na mai a ƙofar sashena, tare da saƙon cewa Baba ya gode, Allah ya yi albarka, a ci gaba da ƙoƙari. Na zuba man, tun da nawa na riga na tsiyaye, na koma gona. Ranar Litinin kukan ya tashi daga sauro ya koma zuma.

Akwai mutum ɗaya a gidan da nake da bakin yi wa magana yadda na so, ita ce kakar matata, mahaifiyar surukina, domin tsakanin kaka da mijin jika wasa ne. Na same ta da yamma a gindin dalbejiya tana kaɗi.

Ta ce, "A'a, angona ne? Mi ya same ka, fuska kamar an hana ka tuwo? Ko ka gane kuskurenka ka dawo gare ni?"

Na ce, "Uwargida, yau ba wasa ya kawo ni ba."

"Kai dama yaushe ka iya wasa? Turawa sun cire maka shi da filaya."

Na durƙusa na shimfiɗa mata farin ƙyallen, na nuna mata garin ƙarfen. Ta lakata da yatsa, ta kai kusa da idonta.

"Wannan ai kwalli ne. Ka kawo wa amaryarka kwalli, ka hana ni?"

"Cikin taraktar ne yake cin kansa. In ba a tsayar da ita kwana uku ba, za ta mutu mutuwar da ba ta da magani. Ki faɗa wa ɗanki haka, kada ki rage ko kalma ɗaya."

Ta ce, "Ji min yaro. Gwiwar nan tawa tun muna hanyar Adare, za mu gabas, take kuka, ga ni nan ina tahiya. Tsoho ai sai da ƙara. Amma tun da ka durƙusa mini, zan hwaɗa mishi."

Ta cika alkawari, ba ta rage kalma ba, sai dai ta faɗe su da muryata, tana kwaikwayon tsayuwata da yadda nake ɗaga yatsa, har matan gidan suka riƙe ciki don dariya. Ina jin su ta bayan katanga. Duk da haka wani abu ya shiga kunnen tsohon, domin ranar Talata ya aika garin Hajj Abdalla aka zo da wani usta, wato makanikin da ake biya ya yi gyara, Balarabe mai fara'a, wanda aka san shi da gyaran injinan ban ruwa.

Wannan ita ce ranar da ta fi kowace tsanani a gare ni. Surukina ya zo bakin gona da kansa ya tsaya kusa da taraktar, saboda haka wurina ya zama can gefe, a durƙushe, ba takalmi, kaina a ƙasa. Usta ya ce in tayar da ita in ɗan zagaya, na zagaya, na sauka na koma inda nake. Bai taka kuloci ba, bai bi giya ba, bai nemi ganin mai ba. Ya bubbuga akwatin da tafin hannu kamar mai sayen kankana.

Ya ce da surukina, cikin Hausarsa ta kasuwa, "Ya Hajj, wannan ajuza ce, tsohuwa. Tsohuwa tana tari, ba a yanka ta a duba. A ba ta abu mai kauri, khalas."

Ya ciro gwangwanin giris, ya kwaɓa shi da mai, sa'an nan ya buɗe wani ɗan buhu ya zuba garin katako tafi biyu, ya juya, ya ɗura a akwatin. Ina kallon ƙasa, amma ina jin ƙarar cokalinsa a gwangwani, na kuma san abin da yake yi, domin na taɓa wanke irin wannan ɓarna a motar wani. Tsakanina da su bai fi taku bakwai ba. Kalma huɗu sun isa. Na danne harshena da haƙori har na ji ɗanɗanon jini.

Kukan ya ɗauke. Surukina ya yi hamdala, mutanen da suka taru suka yi ta sa wa usta albarka, wani ya ce, yadda zan ji, ashe ilimin littafi daban, hannu daban.

Garin katako ba ya warkar da ƙarfe, bakinsa kawai yake toshewa, ya kuma toshe hanyar da mai yake bi ya isa bili. Dā ina da kunne, yanzu an karɓe shi. Abin da ya rage mini shi ne hannu. A ƙarshen kowane layi sai in sunkuya in ɗora tafina a gaban akwatin in ƙirga. Ranar Talata da yamma na kai goma kafin zafi ya sa in janye. Ranar Laraba da hantsi, bakwai. Da la'asar, biyar. Haka na yini ina kai da komowa tsakanin magudana da magudana, a gonar da babu tudu babu itace, ko'ina layi ne miƙaƙƙe, ina zaune a kan abin da na san yana mutuwa, ina kuma tura shi gaba da ƙafata.

Na auna kowace mafita. Na iya rubutu, boko da ajami, amma takarda daga sashe zuwa sashe a gida ɗaya aikin mufattishi ne, mai binciken hukuma, ta fi magana muni. Liman ya tafi ta'aziyya wani ƙauye a bakin kogi, ba a sa ran dawowarsa sai bayan Juma'a. Mai ɗakina ta ce ba za ta sake kai maganar ba, tun da usta ya riga ya gyara, sake ta zai zama ƙaryata baƙon Baba. Akwai kuma hanya mai sauƙi, wadda na san direbobi da yawa za su bi: in kwance wani ɗan bututu a injin, in ce ta mutu da kanta, in buɗe bayanta a cikin kwanakin neman dalili. Na tsaya da sifana a hannu, na kai minti biyar ina duban bututun. Ban taɓa yi wa inji ƙarya ba, ban kuma ga yadda zan kare kunyar mutum ta hanyar yaudararsa ba. Na mayar da sifana cikin akwati.

Ranar Alhamis bayan azahar na ɗora hannu, ban kai biyu ba. Fentin wurin ya fara tashi, yana wari. Saura hawasha huɗu, uku na maƙwabta da ta surukina. Na ɗage garma, na fitar da ita bakin gona a hankali, na kashe inji, na taka zuwa gida.

Surukina yana zaune a zaure da maƙwabta uku, ana shan shayi. Na tuɓe takalmi, na durƙusa, na yi gaisuwa, aka amsa. A nan ya kamata in tashi in wuce. Ban tashi ba. Na ɗaga kaina.

Na ce, "Baba, Allah shi ba ka haƙuri. Taraktar ba ta warke ba, an rufe mata baki ne. Bilin da ke gaban kurona ya ci. In ta ƙara yini ɗaya kurona za ta fashe, kuma babu irinta a ƙasar nan. Na kashe ta a bakin gona. Ba zan tayar da ita ba sai ka ce, in ka ce kuwa zan tayar."

Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya ajiye kofinsa a hankali, ya ce, "La ilaha illallahu," can ƙasa ƙasa. Ta bayan labulen ƙofar cikin gida na ji an ja numfashi.

Surukina yana duban tabarma. Sa'an nan ya juyo ya dube ni, ido cikin ido. A ranar na san akwai ɗan farin tabo a idonsa na hagu.

Ya ce, "Usta, kwana nawa?"

Na ce, "Uku."

"To, buɗe ta, usta."

Kwana huɗu ta ci, domin wanke garin katako kaɗai ya cinye yini guda. Bilin ya fito baƙi ƙirin, ƙwallayensa duk ramuka, kejin da ke riƙe su ya tsage gida biyu. Haƙoran kurona sun fara sheƙi a gefe ɗaya, amma babu wanda ya karye. Na je Hasahisa na dawo da sabo, na daidaita haƙoran da shuni har sawunsu ya zauna a tsakiya, na ɗaure kowane noti sau biyu. Ruwa ya zo ranar Asabar kamar yadda aka tsara. Hawasha huɗun nan da garmar hannu aka yi abin da aka iya, dawarsu ta fito a makare, ba ta yi kyau ba. Tsohon ya bi gidajen mutum ukun da ƙafarsa ya ba su haƙuri, bai ambaci sunana a ko'ina ba.

Bai yi mini faɗa ba, bai kuma sa an yi mini ba. Abin da ya yi shi ne ya ci gaba da yi mini magana. Kowace safiya sai ya kira ni daga tsakar gida da murya sama, usta, yaya mai, usta, tayar hagu ta yi sanyi, kamar yadda yake yi da mai ɗinkin buhu da mai awon auduga. Mai ɗakina ta yi kwana biyu tana kuka. Kakarta ta ce da ni, ba tare da dariya ba, "Angona, ka ceci baƙin ƙarfe." Na sake bin lissafin sau da yawa ban ga inda na yi kuskure a awo ba, ban kuma ga inda shi ya yi kuskure ba. Barin gidan zai tabbatar da abin da ake faɗa a kaina, saboda haka na zauna, na ci gaba da tuƙa masa ita shekara tara.

Bayan girbin wannan shekarar, wata rana da azahar, na dawo daga gona na ratsa ta zaure yana cin abinci shi kaɗai. Suruki ba ya cin abinci a gaban mijin 'yarsa, balle ya haɗa hannu da shi a akushi, wannan sai da baƙo ko ɗan ƙodago. Na sunkuyar da kai zan wuce, sai ya turo akushin gabana da bayan hannu.

Ya ce, "Usta, bismilla. Zauna."

Na wanke hannu, na zauna, na ci.